Laifin Amfilifayar Galih

Da faɗa Nenden ta shigo taronmu ranar farko.

Mu masu sha'awar kayan sauti na birnin Bandung, duk Lahadin ƙarshen wata mukan haɗu a saman benen wani shagon kofi. Kowa ya ɗauko kayan sautinsa a jera a tebura, a yi ta musayar hedifon. Baƙo ya leƙo sai ya ɗauka zaman makoki ake, ga manyan mutane sun rufe ido suna gyaɗa kai, ba mai cewa uffan.

Cikin wannan shirun ta dire wani babban hedifon a kan tebur.

"Wa zai sayi wannan? An cuce ni."

Teburin Galih ne ta samu. Saurayi ne siriri, mai gyaran kayan sauti a wani ɗan shago, kuma da hannunsa yake haɗa amfilifaya. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi hedifon ɗin, ya sake dubanta. Kallo na biyun ya fi na farko daɗewa, duk mun gani. Sai ya kira ta da Neng, yadda muke kiran budurwa a nan.

"Neng, me ya yi miki?"

"Me ya yi min? Cewa aka yi babu kamarsa. Na jona shi a kwamfuta, na ƙure murya, mawaƙiyar kamar daga cikin rijiya take. Wanda ake bayarwa kyauta da waya ya fi shi."

"Ba lalacewa ya yi ba. Yunwa yake ji."

"Yunwa? To in saya masa shinkafa?"

Galih ya yi dariya, ya jawo mata kujera. Ya nuna mata akwatuna biyu, ƙarami a kan babba. Ƙaramin shi ne konbata, shi ke karɓar waƙa daga kwamfuta ya mayar da ita sauti mai tsabta. Babban shi ne amfilifaya, shi ke ba sautin ƙarfi. Ya ce irin hedifon ɗinta mai taurin kai ne, ƙarfin kwamfuta ba ya motsa shi.

Ya rage murya har ƙasa kafin ya jona, kamar yadda kowane mai tarbiyya a cikinmu yake yi. Sannan ya ɗora mata, ya shiga murɗawa a hankali.

Nenden ta buɗe baki za ta yi wata maganar, ta fasa. Idonta ya lumshe. Ta zama ɗaya daga cikin masu zaman makokin. Da waƙar ta ƙare ta cire, ta rungume hedifon ɗin a ƙirji.

"Har numfashinta na ji."

"To nawa za ki sayar min?"

"Kai, Aa, ka ji tsoron Allah."

Aa kuwa shi ne yaya a bakinmu. Da yamma saƙonta ya shigo wayarsa.

"Aa mai akwati, na dawo gida ya koma rijiyarsa. Yanzu ka ɓata min kunne, ya za a yi?"

Ya amsa: "Shagona yana buɗe kullum, Neng. Ki kawo shi ya ci abinci. Ke ma akwai shayi."

Aikinta a gidan rediyo yake, tana gyara muryoyin da aka naɗa, saboda haka kunnenta ba na wasa ba ne. In ta tashi aiki sai ta biyo da ledar bala-bala mai zafi, wato soyayyen ƙosan kayan lambu, su zauna suna ci suna gwaji. Ya nuna mata yadda amfilifayar da ta tayar da hedifon ɗinta take cika wani ƙaramin hedifon mai saurin ji da shuuu, tun kafin a sa waƙa. Ya nuna mata yadda amfilifaya mai ƙwan fitila take zuba wa nata zuma, amma ta sa wani ya kumbura, gangar ta rufe mawaƙi. Konbata mai kaifi kuma in ta haɗu da hedifon mai kaifi, kafin waƙa ta ƙare kai ya ɗauki ciwo.

"Kin ga, kowanne lafiyarsa ƙalau shi kaɗai," in ji shi. "Haɗin ne wani lokaci ba ya yi. Kamar dai..."

"Aa, wallahi in ka ce kamar aure, tashi zan yi in tafi."

"Ni ban ce ba. Ke kika ce."

Ta jefe shi da ledar. Kunnenta ya yi ja har ƙasan ɗankwali. Tun daga ranar ya sa mata suna Rigimata, ita kuma ba ta taɓa cewa ya daina ba.

Sai maganar aure ta taso, a nan kuwa Galih ya tafka kuskuren da ba mai yin sa sai ɗan sana'armu.

Mahaifin Nenden, Abah Kosasih, alƙalin gasar kukan tsuntsaye ne. Duk mai kiwon tsuntsun murai a yankin ya san shi. A rataye kejuna da yawa suna rera kuka lokaci guda, ya tsaya a ƙasa ya ware wanda ya fi, kuma ba a musu da shi. Da kunnensa yake taƙama, da shi ake gaishe shi a kasuwa.

Da ya ji labarin saurayin bai gaya wa kowa ba, ya sa hularsa ya tafi shagon ya gani da idonsa. Ya tarar da Galih ya ba ƙofa baya, sanye da hedifon irin mai rufaffen baya, wanda ko babur ya shigo ɗaki ba za ka ji ba. Abah ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya matsa ya taɓa kafaɗarsa. Galih ya ɗauka maƙwabcinsa ne mai sayar da caja, ko ido bai buɗe ba, ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata.

Dattijon ya dakata ɗin kuwa, har gida.

"Ba zan ba mutumin da ya mayar da kansa kurma 'yata ba," ya faɗa wa matarsa, Ambu, da ƙarfi don a ji a kicin. "Yau ni ya ɗaga wa hannu. Gobe yarinya na naƙuda tana kira, yana can yana jin goge."

Nenden ta rubuta wa Galih.

"Aa, ɗazu wani tsoho mai baƙar hula ya zo shagonka?"

"Ban ga kowa ba, Rigimata."

"Shi ne matsalar."

Galih ya je ba da haƙuri, aka ce masa Abah yana yi wa tsuntsu wanka. Ya koma, aka ce tsuntsun yana shan hantsi. Ana haka wani Wildan, ɗan abokin Abah mai tsuntsayen da suka ci kofuna, ya fara yawan zuwa gidan da kwandon 'ya'yan itace. Ba mugu ba ne, mutum ne da bai taɓa neman abu ya rasa ba, shi ya sa ma bai iya nema ba. Nenden takan kawo masa shayi ta koma ciki ta rufe ƙofa.

Ta rame. Ambu ce ta kasa jurewa, ta tare mijinta.

"Abah, kai da kake sauraren tsuntsu har ya gama kafin ka yanke hukunci, ɗan mutum ne ba za ka saurara ba?"

Ya yi ta muzurai, daga baya ya ce to, yaron ya zo ranar Asabar. Ya zo da abin da ya toshe masa kunnen, a ji ko ya kai a ƙi amsa sallama saboda shi.

Nenden ta naɗi kukan murai ɗin mahaifinta da sassafe da na'urar wajen aikinta. Galih ya ɗauko amfilifayar da ya fi ji da ita, wadda ya haɗa da kansa, da konbata, da hedifon kala-kala a jaka.

"Ina jin tsoro, Rigimata," ya rubuta mata kafin ya hau babur.

"Ni ma. Amma na san hannunka, Aa. Ka taho kawai, Allah yana tare da mu."

Abin da Nenden ta manta ta gaya masa, Asabar ce ranar hirar 'yan tsuntsu a barandar Abah. Galih ya tarar da su cike da wajen, kowa da kofin kofi, har da Wildan a kujerar kusa da mai gida. Galih ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuya ya kai hannun Abah goshinsa. Ya jera kayansa yana zufa duk da sanyin garin.

Ya fara ɗora masa hedifon ɗin Nenden. Fuskar dattijon ta sake nan take. Har ya yi murmushi, ya ɗaga yatsa yana bin kukan, don ya gane tsuntsunsa. Nenden da ke laɓe bayan labule ta damƙe hannun Ambu.

Sai murmushin ya ɗauke.

"Ɓangaren hagu bai kai na dama ba. Siririn kukan nan na ƙarshe, babu shi a hagu."

Galih ya canza masa wani hedifon. Abah ya saurara, ya girgiza kai. Aka sa na uku, mai rufaffen bayan nan.

"Duk ɗaya ne. Hagu a dushe yake."

"To ai an gama magana," in ji Wildan. "An canza na kunne har uku abin bai canza ba, saura akwatin. Wa ma ya haɗa shi?"

Galih ya karɓa ya sa a kansa. Tsuntsun yana tsakiyar kansa daidai, hagu da dama babu wanda ya fi wani. Ya buɗe baki zai faɗa, sai idonsa ya sauka a kan Abah. Wani daga cikin baƙin yana yi masa magana ta hagu, dattijon kuma ya karkato da kansa gaba ɗaya don ya ba shi kunnen dama. Bai ma san ya yi ba.

Nan take Galih ya gane. Ya dubi mutanen barandar. Babu wanda Abah bai taɓa yanke wa tsuntsunsa hukunci ba a cikinsu, kuma rabinsu sun taɓa faɗuwa a hannunsa. In aka ji a nan cewa kunnen alƙali ya fara tafiya, kafin la'asar labarin ya gama kasuwar tsuntsaye.

Wildan ya miƙo hannu. "Kawo in ji."

Galih ya kashe amfilifayar, ya zare wayar hedifon ɗin, ya amsa masa da Kang, kiran girmamawa tsakanin maza.

"Ba sai ka wahala ba, Kang. Abin da Abah ya ji, ya ji. Ku yi haƙuri, zan koma in duba aikina."

Barandar ta ɗauki dariya. Wani ya ce ashe ma shi ya sa bai amsa sallamar ba, da kunne ɗaya yake aiki. Wani ya ce a kai masa rediyonsa ya gyara, ya dawo rabi. Abah bai yi dariya ba, ya dai ce, "Mai sana'ar da bai ji aibin kayansa ba," ya kurɓi kofinsa.

Ruwa ya tsuge. Galih ya roƙi Ambu ta ajiye masa kayan kada su jiƙe a babur, ya fita cikin ruwan ko rigar leda bai tsaya sawa ba.

A ranar, Nenden ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba, kuma na haushi ne. Ta jona amfilifayar a ɗakinta, ta saurara, ta ji komai daidai, sai ta rubuta masa.

"Lafiyarta ƙalau! Na ji da kunnena. Me ya sa ka tsaya suna maka dariya?"

"Ki bar maganar, Neng."

"In bar ta? Dama ɗaya aka ba mu ka zubar. In ka gaji da ni ne ka faɗa min, ba sai ka ɓata sunan aikinka ba."

Can ya rubuto: "Ban gaji da ke ba, kuma ba zan gaji ba. Amma wannan ba maganata ba ce da zan faɗa."

Ta kifa wayar. A ganinta wannan amsar ta fi shirun ciwo.

Washegari da hantsi gidan ba baƙo ko ɗaya, Ambu ta tafi kasuwa. Abah yana baranda yana ba murai ɗinsa ƙwari. Nenden ta fito da kayan ta jera a gabansa. Ta yi niyyar wanke Galih ko ya so ko bai so ba.

"Abah, don Allah ka sake ji sau ɗaya."

"Na ji jiya."

"Akwai yadda muke gwadawa. Ka sa, ka ji inda ya dushe. Sai ka cire ka juya shi, na hagu ya koma dama. In laifin kayan ne, dushewar za ta bi shi ta koma dama."

Ya yi tsaki, amma ya karɓa, don shi mutum ne mai son a tabbatar ya yi gaskiya. Ya saurara. Ya nuna hagu. Ya cire, ya juya, ya mayar.

Nenden tana jiran ya nuna dama, ko ya ce yanzu ya daidaita. Hannunsa ya taso a hankali, ya tsaya a kunnen hagu.

Ya sake juyawa. Ya sake. Sannan ya cire ya ajiye a cinyarsa, ya toshe kunnen dama da yatsa, ya juya wajen kejin. Tsuntsun yana ta kuka, makogwaronsa na motsi. Abah ya daɗe a haka.

Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. Ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa.

"Abah, wallahi ban sani ba. Ka yafe min."

"Shi ya sani?"

Ta tuna yadda Galih ya zare wayar kafin hannun Wildan ya iso. Hawaye ya ƙwace mata.

"Ya sani."

"Ya san wannan juyawar taku?"

"Shi ya koya min."

Dattijon ya share fuskarsa da tafin hannu. "Ke nan da ya ce in juya a gabansu, da ya wanke kansa."

"Da ya wanke."

"Kira min shi."

Abin da ta rubuta gajere ne. "Aa, na gane. Ka yafe wa Rigimarka. Abah yana kira, ka zo yanzu."

Ya iso a firgice, maɓallin rigarsa ma a karkace. Abah ya nuna masa kujera a damansa.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Galih ya sunkuyar da kai. "Ni akwati ne nawa, Abah. Ko an ce ya lalace, gobe zan haɗa wani."

"Ka san da wannan shirun za ka iya rasa ta?"

"Na sani. Ban yi barci ba."

"Amma ka yi shirun."

"Ban ga yadda zan aure ta da kunyar mahaifinta ba."

Abah ya juya yana kallon keji, don kada a ga idonsa. Da ya juyo sai ya ɗaure fuska kamar yadda ya saba.

"Babur ɗin nan naka yana ɗaukar tsoho?"

"Yana ɗauka."

"Gobe ka kai ni wajen likitan kunne. Daga can ka wuce gidanku, ka ce wa iyayenka ina jiransu. Kuma wancan mai toshe kunnen, kada in sake ganin ka sa shi ka ba ƙofa baya."

"Na daina, Abah."

Daga bayan labule aka ji wata 'yar ƙara, rabi dariya rabi kuka. Abah ya ce, "Wannan kam na ji ta, da hagun ma."

Likita ya ce shekaru ne, ya ba shi ɗan abin sawa a kunne. Abah ya yi mako yana zaginsa, daga baya ya saba.

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla, a masallacin unguwa. Abah ya riƙe hannun Galih ya faɗi kalmomin bayarwa, Galih ya amsa da numfashi ɗaya ba gargada, shaidu suka ce ya ɗauru. Aka zaunar da ango da amarya ƙarƙashin laima, aka watsa musu shinkafa da alewa, yara suna wawa. Mu 'yan taron Lahadi muka cika tebur guda, karon farko da aka gan mu tare kunnuwanmu a buɗe.

Ana cikin cin abinci Abah ya karɓi makirufo. Ya dubi teburin 'yan tsuntsu, inda Wildan ma yake zaune.

"Daga yau na ajiye alƙalanci," ya ce. "Kunnena na hagu ya gaji." Ya juya kansa ya nuna musu ɗan abin. "Ranar da kuka yi wa yaron nan dariya a barandata, akwatinsa lafiya yake. Ni ne ba lafiya. Ya gane kafin ni, ya bari kuka ci fuskarsa don kada ku ci tawa. Na riƙe abin a raina har yau, don ina so ku ji a gaban iyayensa."

Mahaifiyar Galih ta rufe fuska da mayafi. Wildan ne ya fara tashi, ya zagayo ya ba ango hannu, ya ce, "Ka yafe, Kang." Sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, har da mai maganar rediyo.

Abah ya dafa kawunan ango da amarya.

"Na gode, ɗana. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku."

Muka amsa da amin har rumfar ta ɗauka. Nenden ta laluba ƙarƙashin mayafin da aka lulluɓe su da shi, ta kama hannun mijinta ta riƙe gam.

"Aa," ta ce a hankali, "na gode da Abah."

Galih ya dube ta ya yi murmushi. Ya ƙara riƙe hannun.